Darasin Kasuwanci: Haƙƙin Diyya Ga Wanda Aka Yi Wa Rufa-Rufa A Bashin Sayen Mota

GARAKU, Jihar Nasarawa — Duk wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Keffi ta ratsa Garaku, hedkwatar ƙaramar hukumar Kokona, ta nufi Akwanga da Lafiya, zai ga irin yawan ƙananan motocin haya, da motocin ɗaukar doya da riɗi da masara, da keke-napep da babura waɗanda ke kai da komo tun daga asuba har dare. Abin da ido ba ya gani shi ne cewa da dama daga cikin waɗannan ababen hawa ba su gama zama mallakar masu tuƙa su ba, domin kuwa da bashi aka karɓo su, ana biya sannu-sannu, wasu mako-mako, wasu kuma wata-wata.

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da kuma faɗuwar darajar naira da ta biyo baya a cikin watan Yuni na wannan shekara, farashin motoci ya yi tashin da ya sa ƙaramin ɗan kasuwa bai cika iya sayen mota kuɗi hannu ba. Wannan ne ya sa ya zama wajibi masu harkar sufuri da 'yan kasuwa su san abin da doka ta tanada game da wanda aka ɓoye wa gaskiya a lokacin ƙulla irin wannan ciniki, da kuma hanyar da zai bi ya nemi diyya. Darasin wannan mako zai fara da abin da ya faru a ƙasar Birtaniya, inda wannan batu ya kai har gaban Kotun Ƙoli, sa'an nan ya dawo gida Nijeriya.

Abin da ya faru a Birtaniya

A Birtaniya, mafi yawan sababbin motoci da bashi ake sayen su, kuma mai sayar da motar shi ne yake haɗa mai saye da bankin da zai ba da bashin. Saboda haka dillalin yana cin riba ta fuska biyu: ribar motar da ya sayar, da kuma la'adar da banki ke ba shi don ya kawo masa mai cin bashi. Shekara da shekaru bankuna da dama sun bar wa dillalai ikon yanke yawan kuɗin ruwan da za a ɗora wa mai saye, a tsakanin wani mafi ƙaranci da wani mafi yawa da bankin ya ƙayyade, tare da sharaɗin cewa gwargwadon yadda dillali ya ɗaga kuɗin ruwan, gwargwadon yadda la'adarsa za ta ƙaru. Mai saye kuwa yana zaune yana tsammanin an nemo masa bashi mafi sauƙi, alhali kuwa amfanin mai nemo masa bashin yana cikin tsadarsa.

A cikin watan Maris na 2019, hukumar da ke lura da harkokin kuɗi ta ƙasar, wadda aka fi sani da FCA, ta fitar da rahoton binciken da ta yi, inda ta ƙiyasta cewa wannan tsari yana jawo wa masu saye asarar kimanin fam miliyan 300 a kowace shekara. Ta kuma nuna cewa a bashin fam 10,000 na tsawon shekara 4, mai saye zai iya biyan ƙarin kimanin fam 1,100 na kuɗin ruwa ba tare da wani dalili ba face la'adar dillali. Hukumar ta haramta tsarin daga ranar 28 ga watan Janairu, 2021. To amma haramcin bai mayar wa kowa kuɗinsa ba, saboda haka koke-koke suka yi ta taruwa, har a watan Janairu na 2024 hukumar ta buɗe sabon bincike kan cinikayyar da aka ƙulla kafin haramcin.

A ranar 25 ga watan Oktoba, 2024, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a kan ƙararraki uku da aka shigar da bankunan FirstRand da Close Brothers, inda ta ce haramun ne dillali ya karɓi la'ada daga banki ba tare da mai saye ya sani kuma ya amince ba. Wannan hukunci ya girgiza bankuna ƙwarai, suka garzaya Kotun Ƙoli. A ranar 1 ga watan Agusta, 2025, Kotun Ƙoli ta soke mafi yawan hukuncin, tana mai cewa dillalin mota ɗan kasuwa ne mai neman ribar kansa, bai ɗauki amanar wakiltar mai saye ba, don haka ba za a kira la'adarsa cin hanci ba.

Duk da haka kotun ta ba ɗaya daga cikin masu ƙarar gaskiya. Mutumin ya sayi ƙaramar mota ƙirar Suzuki a 2017, kuma la'adar da banki ya biya dillali a kansa ta kai fam 1,650, watau kashi 55 cikin 100 na dukkan kuɗin da aka caje shi saboda bashin. Bugu da ƙari, takardun da aka ba shi sun nuna kamar dillalin ya duba bankuna da dama ya zaɓo masa, alhali akwai yarjejeniyar da ta wajabta wa dillalin ya fara kai kowane ciniki ga wannan banki guda. Kotun ta dogara da sashe na 140A na dokar bashin masu saye ta 1974, ta ce dangantakar da ke tsakanin bankin da mutumin ba ta adalci ba ce, ta kuma umarci a mayar masa da la'adar tare da kuɗin ruwanta.

A kan wannan tushe ne hukumar FCA ta gabatar da shawarar wani shirin biyan diyya a ranar 7 ga watan Oktoba, 2025, wanda ya shafi yarjejeniyoyin da aka ƙulla daga ranar 6 ga watan Afrilu, 2007 zuwa ranar 1 ga watan Nuwamba, 2024. A ƙiyasin da ta bayar a lokacin, yarjejeniyoyi kimanin miliyan 14 ne za su cancanci diyya, kowace ɗaya kimanin fam 700 idan aka yi tsaka-tsaki, jimilla fam biliyan 8.2. Bankin Lloyds shi kaɗai ya ware fam biliyan 1.95 ya zuwa wannan wata domin wannan al'amari.

Hukumar ta zayyana abubuwa uku waɗanda ɓoye su ke haifar da haƙƙin diyya. Na farko, tsarin da ya ba dillali ikon ɗaga kuɗin ruwa don la'adarsa ta ƙaru. Na biyu, la'ada mai yawan gaske, wadda a shawarar aka auna da kashi 35 cikin 100 na kuɗin da aka caji mai bashi tare da kashi 10 cikin 100 na uwar bashin. Na uku, ɓoyayyar alaƙa tsakanin dillali da banki guda. Abin lura a nan shi ne tsadar bashi ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Hujjar ita ce an hana mai saye wani bayani wanda da ya san shi da ya nemi ragi ko ya tafi wani wuri.

Matsayin doka a Nijeriya

Ya kamata mai karatu ya sani cewa shirin diyyar Birtaniya bai shafi motar da aka karɓa bashi a Keffi ko Mararraba ko Lafiya ba, kuma hukuncin kotunan Birtaniya ba ya ɗaure kotunan Nijeriya tun 1963, sai dai alƙali ya duba shi don neman haske. Amma Nijeriya tana da dokokinta, waɗanda wasunsu sun girmi yawancin direbobin da ke kan hanya a yau.

Matakin farko shi ne mutum ya tantance irin cinikin da ya shiga, domin kowane iri da dokarsa. Akwai bashin banki, inda motar ke zama ta mai saye amma tana matsayin jingina. Akwai hayar mallaka, inda motar ke ci gaba da zama ta mai bayarwa har sai an biya kaso na ƙarshe. Akwai hayar kayan aiki ta dogon lokaci, wadda dokar 2015 ta tsara. Akwai kuma tsarin balas, inda direba ke kai wa mai mota wani adadi kullum ko mako-mako. Idan babu alkawarin cewa motar za ta zama ta direba a ƙarshe, to wannan haya ce kawai. Idan kuwa akwai wannan alkawari, to cinikin ya shiga sahun hayar mallaka ko da waɗanda suka ƙulla shi ba su kira shi da wannan suna ba.

Dokar hayar mallaka ta 1965, wadda aka yi wa gyara a 1970, an kafa ta ne saboda irin zaluncin da aka gani kafin ta. A wata shari'a da aka yi a tsohuwar Jihar Yamma a 1957, wani mutum ya karɓi babbar mota a kan fam 1,000, ya biya fam 995, ya gaza cika fam 5 a kan lokaci, mai motar ya ƙwace ta, kotu kuma ta ce yana da ikon yin haka, domin dokar wancan zamani tana ɗaukar duk abin da aka biya a matsayin kuɗin haya. Dokar 1965 ta zo ta toshe wannan ƙofa, kuma ta shafi dukkan motoci komai tsadarsu.

Daga cikin tanade-tanadenta, wajibi ne mai bayarwa ya bayyana wa mai karɓa farashin motar na kuɗi hannu a rubuce kafin a ƙulla ciniki. Wajibi ne a rubuta yarjejeniya wadda ta nuna farashin kuɗi hannu, da jimillar farashin hayar mallaka, da yawan kowane kaso da ranar biyansa, mai karɓa ya sa hannu, a kuma ba shi kwafi cikin kwana 14. Mai bayarwar da ya tsallake waɗannan sharuɗɗa ba shi da ikon tilasta yarjejeniyar ko ƙwace motar, sai fa idan kotu ta gamsu cewa kuskuren bai cutar da mai karɓa ba. Har ila yau, dokar ta soke duk wani sharaɗi da ya ba mai bayarwa izinin kutsawa gidan mutum don ɗauke mota, ko wanda ya hana mai karɓa haƙƙinsa na janyewa daga cinikin.

Tanadi mafi muhimmanci shi ne na sashe na 9. Da zarar mai karɓa ya biya kashi 3 cikin 5 na jimillar farashin mota, mai bayarwa ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu. Idan ya ƙwace da ƙarfin kansa, yarjejeniyar ta mutu, bashin ya faɗi daga wuyan mai karɓa, kuma yana da haƙƙin ya nemi a mayar masa da dukkan kuɗin da ya biya. Gyaran 1970 ya ɗan sassauta wa masu bayarwa, ya ba su damar ɗauke motar su ajiye ta a wurin da za ta tsira daga lalacewa idan an tara kaso 3 ko fiye ba a biya ba, amma ajiya ce kafin kotu ta yanke hukunci, ba izinin sayarwa ba.

Misali da lissafi

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Garaku ya karɓi motar ɗaukar kaya wadda farashinta na kuɗi hannu naira 6,000,000 ne. Ya ba da kafin alƙalami na naira 1,500,000, saura naira 4,500,000. An yanke masa biyan naira 250,000 kowane wata har tsawon wata 24, watau naira 6,000,000. Jimillar abin da zai biya ke nan naira 7,500,000, wanda ya haura farashin kuɗi hannu da naira 1,500,000.

Mai bayarwa zai iya gaya masa cewa ƙarin bai kai kashi 17 cikin 100 a shekara ba, domin ya raba naira 1,500,000 gida biyu ya auna da naira 4,500,000. To amma bashin yana raguwa kowane wata, kuma a shekara ta biyu abin da ya rage a wuyansa ya ragu ƙwarai. Idan aka yi lissafi bisa ragowar bashi, ainihin kuɗin ruwan ya kai kimanin kashi 29 cikin 100 a shekara. Wanda aka gaya wa adadi na farko aka ɓoye masa na biyu ba zai iya gwada wannan bashi da na wani banki gwaji na gaskiya ba.

Kashi 3 cikin 5 na naira 7,500,000 shi ne naira 4,500,000. Tun da kafin alƙalami yana cikin lissafi, ɗan kasuwar zai kai wannan matsayi da ya biya kaso na 12. Daga wannan rana, wanda ya tare motar a kan hanya ya ƙwace makulli ya sayar da ita ba tare da umarnin kotu ba, ya jawo wa kansa mayar da naira 4,500,000 ko fiye. Haka nan, idan kasuwa ta juya wa mai karɓa baya, doka ta ba shi ikon ya rubuta takardar janyewa ya mayar da mota, kuma abin da za a bi shi shi ne kason da ya riga ya wajaba bai biya ba, da cikon da zai kai abin da ya biya zuwa rabin farashi, watau naira 3,750,000, sai kuma diyyar lalacewa idan bai kula da motar ba.

Sauran hanyoyin neman haƙƙi

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa, ta kuma haramta sharuɗɗan yarjejeniya waɗanda suka karkata ga ɓangare guda fiye da kima. Wanda dillali ya sayar wa motar da aka juya wa lambar tafiya, ko aka ɓoye masa cewa ta taɓa yin mummunan haɗari, zai iya kai kuka ga wannan hukuma ko ya wuce kotu.

Idan kuwa banki ne ko kamfanin ba da rance mai lasisi, to Babban Bankin Nijeriya ne ke da hurumi. Ƙa'idojinsa na kare masu hulɗa da bankuna na 2019 sun wajabta bayyana kuɗin ruwa da duk wani caji kafin a sa hannu. Tsarin shi ne mutum ya fara rubuta koke ga bankinsa ya karɓi shaidar an amsa, idan wa'adin da aka ƙayyade ya wuce ba a warware ba, sai ya ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki, wanda yake da reshe a Lafiya. Bankin da aka samu ya cire kuɗi fiye da ƙa'ida, ana umartarsa ya mayar tare da kuɗin ruwa. Sai dai tun 2015 Babban Banki ya ƙayyade wa'adin shekara 6 na shigar da koke daga ranar da abin ya faru, saboda haka jinkiri yana iya cinye haƙƙi.

Game da la'adar dillali kuwa, akwai bambanci tsakanin dillalin mai sayarwa da wanda mai saye ya ɗauka da kansa. Idan ɗan kasuwa ya wakilta wani ya nemo masa mota ko bashi, ya kuma biya shi ladan aikinsa, sai daga baya ya gano cewa wakilin ya karɓi kamasho a ɓoye daga ɗaya ɓangaren, dokar wakilci ta ba shi ikon ya nemi wannan kuɗi, domin wakili ba ya cin riba a asirce a kan wanda ya aike shi.

Masu mu'amala da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su bankin Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, su ma suna da nasu ma'auni. A cinikin murabaha, banki yana sayen motar ya sayar wa abokin ciniki da ribar da aka bayyana, kuma ingancin cinikin ya rataya ne a kan faɗin ainihin kuɗin da aka sayo ta. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa idan ta tabbata mai sayarwa ya yi ƙarya a uwar kuɗi, ko ya ɓoye aibin kaya, mai saye yana da haƙƙin a rage masa ko ya warware cinikin.

Abin da ya kamata a yi

Kafin sa hannu, ya kamata mai karɓa ya nemi amsar tambayoyi biyar a rubuce: nawa ne farashin motar kuɗi hannu, nawa ne jimillar abin da zai biya har ƙarshe, wa ke biyan dillali kuma nawa, sunan wa ke kan takardun mota da inshora, me zai faru idan ya makara da biyan kaso ɗaya. Wanda bai iya Turanci ba ya nemi wanda ya amince da shi ya karanta masa, ba yaron mai bayarwa ba.

Bayan sa hannu, rasit shi ne makamin mai bashi. Yawancin rigingimun da ke tashi a tasha tsakanin direba da mai mota suna lalacewa ne saboda an yi ta biyan kuɗi hannu da hannu ba tare da rubutu ba, har ranar da za a tsaya gaban alƙali a rasa abin nunawa. Biya ta banki, ko ƙaramin littafi wanda ɓangarorin biyu ke sa hannu a kowane biya a gaban shugaban tasha, ya isa ya tabbatar da ko an kai kashi 3 cikin 5 ko ba a kai ba.

Wanda yake ganin an cuce shi kada ya daina biya don fushi, domin hakan yana ba ɗaya ɓangaren hujja. Ya rubuta kokensa, ya faɗi ranar ciniki, da abin da aka gaya masa, da abin da ya gano daga baya, da adadin da yake nema. Ya kuma yi hattara da masu zuwa da alkawarin karɓo masa diyya don a raba. A Birtaniya ma hukumar FCA ta gargaɗi jama'a cewa irin waɗannan kamfanoni suna iya cinye har kashi 30 cikin 100 na abin da mutum zai iya samu kyauta da kansa.

Darasin bai tsaya ga masu karɓa kaɗai ba. Attajiran da ke saya wa matasa keke-napep da babura da ƙananan motoci, da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da ke yin wannan harka, ya kamata su lura cewa bankunan Birtaniya sun fuskanci biyan diyya a 2025 kan cinikin da aka ƙulla tun 2007. Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin bunƙasa bashin masu saye, CREDICORP, a 2024, abin da ke nuna cewa saye da bashi zai ƙara yaɗuwa, kuma koke-koke za su ƙaru tare da shi. Mai bayarwar da ya rubuta farashi biyu a fili, ya bayyana la'adar dillalinsa, ya ba da kwafin yarjejeniya cikin kwana 14, ya kuma bi ta kotu idan ciniki ya lalace, ya kare jarinsa daga ƙarar da za ta iya cinye motar da ribarta gaba ɗaya.